Ɓargo da karkacewar ƙashin bayan 'yan mata

Assalamu alaikum. Iyayena, malamai da ɗalibai, sannunku da zuwa.

Sau da yawa tela ce take fara gani. An kawo yarinya 'yar shekara 12 awon kayan Sallah, ta ɗora mata tef a kafaɗa, sai ta ga ɗaya ta ɗara ɗaya tsayi, ƙugu kuma ya shige ta gefe guda. A koma gida, a ɗora laifin a kan jakar makaranta ko farantin talla. Wallahi ba su ba ne. Kuma ba ƙusumbin tarin fuka ba ne, wanda ke cinye ƙashi. Wannan sukoliyosis ne: ƙashin baya ya lanƙwashe gefe, ya kuma murɗe. Ana auna shi a hoton ƙashi da ma'aunin da likitan ƙashi John Cobb ya fitar a 1948, kuma daga digiri 10 ake kiransa cuta. Yana kama kusan yara 2 zuwa 3 cikin 100 a shekarun balaga, mata kuma nasu ya fi tsananta.

To ina ruwan ɓargo? A cikinsa akwai uwayen ƙwayoyin halitta, waɗanda ba su riga sun zaɓi sana'a ba. Ɗaya za ta iya zama ƙashi, ko guringuntsi, ko kitse. Gadon da ke cikinsu iri ɗaya ne, abin da ke raba su shi ne wace ƙwayar gado aka ɗaga wa murya, wacce aka rage wa. Idan ƙwayar gado mai suna RUNX2 ta yi ƙarfi, ƙashi za a gina.

Likitoci a Hankon sun daɗe da lura cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na irin waɗannan 'yan mata ƙashinsu bai cika tauri ba, ba na baya kaɗai ba, har na ƙugu. Wannan ne ya sa masu bincike a asibitin Peking Union da ke Beijin suka ɗebi ɓargon marasa lafiya, suka raini ƙwayoyin a ɗakin gwaji, suka gwada da na masu lafiya. Sai ga ɗaruruwan ƙwayoyin gado muryarsu ta bambanta, ciki har da masu hannu a ginin ƙashi. Ku lura fa, a farantin gwaji suke, ba ƙashin baya, ba nauyin jiki, amma rauninsu wajen zama ƙashi yana nan. Ni wannan ne ya fi taɓa ni, domin ya nuna matsalar ta jiki gaba ɗaya ce, a baya kawai ta fito fili. A Japan ma, a 2011, an gano alaƙar cutar da ƙwayar gado LBX1.

Yanzu abin da ke hannunku, iyaye mata. A ɗaki, ba hijabi, yarinya ta haɗe ƙafa ta sunkuya kamar mai ruku'u, ki tsaya ta bayanta. In haƙarƙarin gefe ɗaya ya yi tudu, a kai ta asibitin ƙashi, irin na Dala a Kano. Tsakanin digiri 25 da 40, tana cikin girma, rigar ɗaure baya tana hana shi ƙaruwa. In ya haura 45 ko 50, maganar tiyata ake yi.