Dennis Skinner, Mahaƙin Kwal Da Ya Shekara 49 A Majalisar Birtaniya

Jama'a masu saurare barkanmu da warhaka. Yau sharhinmu a kan wani dattijo ne na ƙasar Ingila, Dennis Skinner, wanda ya wakilci mazaɓar Bolsover a ƙarƙashin jam'iyyar Leba tun 1970 har 2019, shekara 49 kenan cur, kuma ko sau ɗaya bai taɓa riƙe muƙamin minista ba. Irinsu ake ce wa 'yan kujerar baya, wato ɗan majalisar da ba ya cikin gwamnati kuma ba ya cikin jagororin adawa.

To shi dai Skinner daga ramin haƙar kwal ya fito, ya fi shekara 20 yana wannan aiki a yankin Derbyshire kafin ya shiga majalisa, kuma wallahi har ya bar kujerar bai manta da mutanensa ba. Lokacin da mahaƙa kwal suka shiga yajin aiki na 1984 zuwa 1985 suna fafatawa da gwamnatin Margaret Thatcher, albashinsa ya riƙa miƙa wa ƙungiyarsu, ga shi ba ya bin tawagar 'yan majalisa zuwa yawon ƙasashen waje, ba ya zama a mashayar majalisa, shi dai kullum yana zauren muhawara. Wannan ne ya sa nake ganin girmansa, don wanda ba ya kwaɗayin muƙami babu mai iya toshe masa baki.

Bakin nasa kuwa akwai kaifi. A 2003 ya kaɗa ƙuri'ar ƙin yaƙin Iraƙi alhali Tony Blair na jam'iyyarsu ne firaminista. A 2016 ya kira firaminista na lokacin David Cameron ɗan kumbiya-kumbiya a gaban kowa, kakakin majalisa John Bercow ya ce ya janye, ya ce atafau, aka kore shi daga zaman ranar, kuma ba shi ne karo na farko ba.

Abin da ya taɓa min zuciya shi ne yadda aka ƙare. A zaɓen Disamban 2019 rigimar ficewa daga Tarayyar Turai ta cinye jam'iyyar Leba a garuruwan mahaƙa kwal, duk da Skinner shi kansa ficewar ya zaɓa a ƙuri'ar raba gardama ta 2016. Mutanen Bolsover suka juya wa jam'iyyar baya, Mark Fletcher na jam'iyyar masu ra'ayin riƙau ya kayar da Skinner, lokacin dattijon yana da shekara 87.