Yadda Ake Tsabtace Fuskar Tsohon Agogo Ba Tare da An Lalata Ta Ba

Assalamu alaikum, masu kallo. Agogon da kuke gani a kan wannan farin ƙyalle na wani dattijo ne a cikin garin Bauchi, wanda ya sayo shi a Makka shekarar da ya sauke farali, ya ɗaura shi fiye da shekara arba'in, sannan bayan rasuwarsa ya faɗo cikin rabon jikansa. Agogo ne mai wani, wato wanda ake murza wa ɗan maɓallin gefe da hannu domin ya yi aiki, ƙirar Suwizalan, kuma har yanzu yana bugawa. Abin da ya dami jikan shi ne fuskar, wadda ta dusashe, ta yi ɗige-ɗige, farinta kuma ya koma ruwan madara. Ya kawo mana shi ne da buƙatar a wanke fuskar ta koma sabuwa, mu kuwa muka ce masa sai mun fara duba ko akwai abin wankewa.

Dalilin wannan amsa yana cikin yadda aka ƙera fuskar. Yawancin agogunan hannu da suka shigo ƙasar nan, irin su West End da Oris da Rado da Seiko 5, wanda kamfanin Seiko na Jafan ya fara fitarwa a 1963, fuskarsu faifan tagulla ce siririya. A kan tagullar ake shimfiɗa fenti ko ruwan azurfa, a buga lambobi da sunan kamfani da tawada, sannan a rufe da man sheƙi wanda kaurinsa bai kai na bawon albasa ba. Bayan shekara hamsin na rana da gumi, wannan man sheƙin ya bushe ya yi rauni, a wasu wuraren ma ya rabu da ƙarfen, yana zaune ne kawai saboda ba a taɓa shi ba. Saboda haka yawancin abin da ido ke ɗauka datti ne, tsufan fentin ne da kansa, kuma wanda ya goge shi, fuskar ya goge.

Kafin a kwance komai, ya kamata a dubi gilashin. Agogunan wancan zamani galibi murfinsu na roba ne mai kama da gilashi, yana saurin karcewa, kuma inuwar karcen tana sauka a kan fuska ta sa ta zama kamar ta yi dauɗa. Sau da yawa idan aka goge murfin da man da aka yi domin hakan, irin su Polywatch, ko aka sauya shi da sabo, sai a ga fuskar ba ta da laifin komai. Duk wanda zai iya tsayawa a nan, ya tsaya.

Akwai kuma batun da ya fi kyan agogo muhimmanci, wato lafiyar mai aikin. Ku dubi waɗannan ɗigo-ɗigo da ke kusa da lambobi da kuma cikin hannayen agogon, waɗanda aka sa domin su yi haske da dare. Daga wajajen yaƙin duniya na farko har zuwa shekarun 1960, ana haɗa wannan fenti da sinadarin radiyam, wanda yake fitar da tururi mai cutar da jiki. 'Yan matan da suka yi aikin shafa shi a masana'antun Amurka a shekarun 1920 sukan daidaita bakin burushi da leɓɓansu, kuma da yawa daga cikinsu ƙashin muƙamuƙinsu ya rube, wasu suka rasa rayukansu. Abin da ke yaudarar mutane shi ne hasken yakan mutu bayan wasu shekaru, sai a zaci gubar ma ta mutu, alhali radiyam yana ɗaukar kimanin shekara 1,600 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi. Muddin agogon yana rufe, haɗarin kaɗan ne. Babban haɗarin shi ne a buɗe, fentin ya marmashe, mutum ya shaƙi garin ko ya shiga bakinsa ta yatsu. Daga baya aka koma amfani da tiritiyam, wanda ƙarfinsa ke raguwa da rabi cikin shekara 12 da 'yan watanni, kuma a wancan lokaci kamfanonin Suwizalan sukan nuna haka da harafin T a ƙasan lamba shida, gefen rubutun da ke faɗin ƙasar da aka ƙera agogon. Namu yana da wannan harafi, ga shi nan kuna gani. Agogon da ya girmi 1960, mai ɗigon haske da ya koma ruwan ƙasa, shawararmu ita ce kada a buɗe shi a cikin gida, balle a ɗakin da yara ke wasa.

Wurin aiki ma yana da nasa sharaɗi, musamman a nan Bauchi lokacin hunturu, da ƙura ke shigowa ko ta ƙarƙashin ƙofa. A rufe tagogi, a kashe fanka, a share tebur da ɗanyen tsumma, a bari ya bushe. Masu gyaran agogo da ke zaune da ɗan akwatin gilashinsu a Kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal, da yawansu hannunsu ya faɗa a gyaran inji, amma bakin hanya, inda babura ke tayar da ƙura, ba wurin buɗe fuska ba ne.

Yanzu mun cire murfin baya, mun saki sandar wani, mun fito da inji tare da fuskar. An tara hannayen uku a kan ƙarfe goma sha biyu, an shimfiɗa 'yar leda siririya a kan fuskar, sannan aka ɗaga hannayen da ƙananan ƙarafa biyu, ɗaya ta kowane gefe. Ledar ce ke hana ƙarafan barin shaida. A bayan fuskar akwai ƙafafu biyu da ke shiga cikin inji, ana sassauta ƙananan kusoshin da ke riƙe da su, a ɗaga fuskar a miƙe, domin idan ƙafa ta karye, gyaranta wani aiki ne dabam. Daga nan ba a riƙe ta sai ta gefe, da robar yatsu, saboda maiƙon hannu yana barin zanen yatsa wanda bayan watanni yake cin man sheƙin ya zauna dindindin.

Sai a duba ta da madubin ƙara girma, ƙarƙashin haske mai kyau, ana karkata ta gefe da gefe. Abin da ake nema shi ne bambanci tsakanin abin da ke zaune a saman fuskar da abin da ya fito daga cikinta. Ƙura da zaren tufafi da ɗigon man inji suna sama, suna da inuwa, kuma za su fita. Ɗigon da ya yi kore ko baƙi, wanda fenti ya kumbura a kewayensa, tsatsar tagulla ce da ta taso daga ƙasa, kuma a ƙasarmu sanadinta sananne ne: ruwan alwala sau biyar a yini yana bi ta wurin maɓallin wani, ga gumin bazara, ga laimar damina. Wannan ba ya fita da goge. In an matsa masa, fentin ne zai ɓare, a bar rami mai launin ƙarfe wanda ya fi ɗigon muni.

Matakin farko shi ne iska, daga 'yar robar da ake matsawa da hannu. Kada a hura da baki, domin numfashi yana ɗauke da yawu, kuma ɗigon da ido bai gani ba yau zai zama tabo baɗi. Idan akwai ƙurar da ta ƙi tashi, sai a taɓa ta da burushi mai taushi ƙwarai, sabo, wanda bai taɓa shiga fenti ba. Bayan haka sai Rodico, wani abu mai kama da cingam, na kamfanin Bergeon da ke Suwizalan, wanda masu gyaran agogo ke ɗauke maiƙo da shi. Ana murza shi ya yi tsini, a dangwala a hankali, a ɗaga, a juya zuwa wuri mai tsabta, a sake dangwalawa. Ba a jan sa a kan fuskar, ba a kuma kai shi kan rubutu ko ɗigon haske, domin tawadar da ta tsufa takan biyo shi. Ku lura da yadda ɗigon man nan da ke kusa da lamba huɗu ya fita a dangwalawa ta uku.

A ganinmu, ga yawancin fuskoki masu fenti, aikin ya ƙare a nan. Wanda ya ga lallai sai ya sa ruwa, to ya nemi ruwan da aka tace ta hanyar tururi, domin na rijiya ko na famfo yana barin farin gishiri idan ya bushe. Ya jiƙa auduga a kan tsinke, ya matse ta har ta kusa bushewa, ya fara gwadawa a can bakin fuskar, inda jikin agogo ke rufewa, ya jira, ya duba da madubi. Idan wurin ya yi hazo ko audugar ta ɗauko launi, magana ta ƙare. Su kuwa fetur da kananzir da sifirit da man goge farce da man goge baki da garin sabulu, babu ɗayansu da ya halatta a nan. Mun taɓa ba wani mai gyara agogon mahaifinmu, ya dangwali fetur da auduga da niyyar taimako, kuma a shafa ɗaya sunan kamfanin ya bi audugar, ya bar fili fari fat a ƙarƙashin lamba goma sha biyu.

Fuska iri ɗaya ce ke jure wanki, wato ta tangaran, wadda aka fi samu a agogunan aljihu da agogunan hannu na farko-farko. Garin gilashi ne aka narkar a kan ƙarfe da zafin da ya kai kimanin digiri 800, irin rufin da ke jikin langa da kwanukan jeren iyayenmu mata, shi ya sa ba ta dusashewa. Ana iya wanke ta da ruwa mai ɗumi da sabulu mara ƙarfi, amma tana tsagewa kamar faranti idan ta lanƙwasa, kuma akwai waɗanda aka rubuta sunan mai sayarwa a kansu bayan an gama gashi, wannan rubutun kuwa ruwa yana tafiya da shi.

Jikan ya tambaye mu ko ba za a sake fentin fuskar gaba ɗaya ba. Ana yi, amma a kasuwar tsofaffin agoguna fuskar da aka sake wa fenti tana karya farashi sosai, alhali fuskar asali da ta tsufa daidai wa daida ana nemanta. Baƙar fuskar da rana ta mayar ruwan goro ma, masu tara agogo a Turai suna biyan kuɗi mai yawa a kanta. Ya yi shiru, sannan ya ce a bar ta yadda Alhaji ya bar ta.

Ga fuskar nan ta koma kan inji, an mayar da hannayen, an hura cikin sabon murfin kafin a rufe. Farin yana nan ruwan madara, ɗigo biyu na tsatsa suna nan kusa da lamba uku, amma ƙurar da maiƙon sun tafi, lambobin kuma sun fito sarai. Mun sauya robar da ke hana ruwa shiga ta murfin baya, mun kuma roƙi jikan ya riƙa cire agogon ya sa a aljihu kafin ya ɗauki buta.