Na je gidan Louis Armstrong a Queens

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau na baro Bronx na shigo unguwar Corona, a Queens, cikin birnin New York. Ku dubi gidan nan na jan bulo da ke bayana. Ba wani katafaren gida ba ne, ko? To a nan Louis Armstrong, shahararren mawaƙi kuma mai busa ƙaho a salon kiɗan Amurka da ake kira jaz, ya zauna tun 1943, lokacin da matarsa Lucille ta saye shi, har ya rasu a 1971. Mutumin da ƙahonsa ya zaga duniya, da ya ga dama da ya koma unguwar masu hannu da shuni, amma ya yi zamansa cikin talakawa, yaran layi na taruwa a matakalar nan yana saya musu askirim.

A New Orleans aka haife shi, 1901. Yana ɗan shekara 11 ya harba bindiga sama a daren sabuwar shekara, aka kai shi gidan horon yara, kuma a can ya ƙware a busa. Ikon Allah ke nan.

Wanda bai san shi ba, don Allah ya nemi kiɗansa mai suna "West End Blues" na 1928. Kafin kowa ya taɓa kayan kiɗa, shi kaɗai yake buɗewa, ƙahon ya gangaro, ya haye can ƙololuwa, ya sake saukowa a natse, duk cikin 'yan daƙiƙoƙi. A da, makaɗan jaz a tare suke tafiya. Fayafayen da ya yi da ƙungiyar makaɗansa Hot Five daga 1925 su suka ba mutum ɗaya fili ya fito ya nuna bajintarsa. Ni a wurina nan ne ainihin Armstrong, ba waƙarsa "Hello, Dolly!" ba, duk da ita ce ta sauke ƙungiyar mawaƙa ta Beatles daga matsayi na ɗaya a jerin waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka a 1964.

'Yan uwana na Gana, a 1956 ya yi wasa a Accra gaban Nkrumah. A 1960 kuma ya iso Nijeriya, har akwai hotonsa da Sardauna.

A bene akwai ɗakin da yake naɗar hirarsa da baƙi a faifai, ɗaruruwansu, yana liƙa hotuna a kwalayen da hannunsa. Har yanzu ana kunna wa maziyarta muryar nan tasa mai kaushi.

Ku biyo ni mu tsallaka titi, a sabuwar cibiyar da aka buɗe a 2023 aka ajiye fayafayen.