Ba Dukan Iska Yake Yi Ba, Fatsa Ce

Jama'a, sannunku da zafi. Bidiyon nan da ke ta yawo a WhatsApp, na magidancin da ya kwashi iyalinsa zuwa bakin Kogin Kaduna yana ta kaɗa igiya gaba da baya, kun cika mu da tambaya a kansa. Har da masu cewa zafin bazara ne ya taɓa shi. Lafiyarsa ƙalau. Kifi yake nema, da irin fatsar da aka fi sani a ƙoramun Ingila da Amurka.

Ga kayan nan, ba sai na ja zance ba. Sanda mai lanƙwasa, tsawonta kamar ƙafa 9. Igiya mai kauri, a bakinta siririn zare da kifi ba ya gani sosai. Sai ƙugiya da aka naɗe da gashin tsuntsu har ta yi kama da ƙwaro. Babu tana, babu dalma.

To, a nan aka rikice. Fatsar da muka taso da ita, dalma ce mai nauyin: ka wurga ta, ta ja zaren ta tafi. Wannan ƙwaron kuwa, ko hura shi ka yi sai ya tashi. Ka wurga shi iya ƙarfinka, a gabanka zai faɗi. Shi ya sa aka sa nauyin a jikin igiyar. Igiyar ake jefawa, ita ke kai ƙwaron.

Bari mu bi bidiyon a hankali. Magidancin ya ɗaga sanda, ya fizgo igiyar baya, hannu ya tsaya daidai kunne. Ku duba nan. Ya dakata. Wannan 'yar dakatawar ce mutane ba su lura da ita ba. Igiyar tana warwarewa a bayansa, tana tafiya, tana tafiya, sai da ta kusa miƙewa sarai sannan ya tura gaba. Masu koyarwa kan ce sandar ta riƙa kaiwa da komowa tsakanin ƙarfe 10 da ƙarfe 2 na fuskar agogo, in an ɗauka 12 na saman kai, kada ta wuce.

Ga ƙanen magidancin kuma a bidiyon, sarkin gaggawa. Kun ji wannan "tas" ɗin kamar bulala? Ya turo gaba igiyar ba ta miƙe ba, ƙwaron ya tsinke, sai dai a ɗaura wani. In kuma ka daɗe da yawa, igiyar ta zube kan duwatsu, ko ta maƙale a kular zoɓon uwargida, ka ga an tashi daga kamun kifi an koma ban haƙuri. Iya tsawon igiyar da ka saki, iya tsawon jiran. Sabon shiga ya waiwaya ya kalli igiyarsa, ba abin kunya ba ne.

Kaɗawar da ake maimaitawa a sama, don a ƙara tsawon igiya ne, ƙwaron kuma ya bushe ya yi yawo a kan ruwa. Sau biyu ko uku ya isa. Abin da ya wuce haka, a ganina, yanga ce kawai.

Sauran a gurguje. Da bazara ruwa ya ja baya, duwatsu sun fito, kifi na iya hango ƙwaron. Damina na sauka kogin zai yi jajawur. A je da sassafe ko bayan la'asar, don da rana tsaka kifi na can ƙasa inda ya fi sanyi. Kawara da karfasa za su iya kawo cafka. Tarwaɗa ta fi son ƙasa, kada a sa rai.

Yara kuma a zaunar da su nesa da bayan mai jifa, ƙugiya ce ke yawo a iska. Shi ma ya sa hula da tabarau. A hana su wanka inda ruwa ya kwanta, saboda tsargiya.

Mai son gwadawa ya fara a filin ƙwallon unguwa, ya ɗaura guntun ulu a maimakon ƙugiya, har hannu ya saba da jiran.