Dutse ne ya shanye hasken, ko iskar Mars?

Akwai wani layi mai hawa da sauka da masu bincike ke gani a zanen awonsu: hasken rana ne da ya bugi ƙasar duniyar Mars ya dawo, na'ura ta rarraba shi bisa tsawon zangonsa, wato abin da ke bambanta wani launin haske da wani. Duk inda layin ya lotsa, wani abu ne ya shanye haske a wurin. To, mene ne ya shanye shi?

Kafin a amsa, sai an gyara matsalar kusurwa. Fili ɗaya ne, amma idan rana na tsaka ya fi haske, in ta karkata sai ya dushe, alhali ƙasar ba ta canza ba. Shi ya sa ake auna kusurwa uku: ta saukar haske, ta inda na'ura ke kallo, da wadda ke tsakaninsu. Ƙasa mai ƙura ba ta watsa haske daidai ta kowane gefe, don haka masana ke amfani da lissafi irin wanda Bruce Hapke ya fitar a 1981, su mayar da kowane awo kamar a yanayi ɗaya aka ɗauke shi.

Iska ce babbar matsala. Kusan kashi 95 cikin 100 na iskar Mars kabon dayoksaid ce, kuma tana shanye haske sosai a tsawon zango na kusa da maikron 2 (maikron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Alamar ruwan da ke maƙale cikin laka kuwa tana a maikron 1.9. Dab da juna suke! Haske kuma sau biyu yake ratsa iskar, yana sauka, yana komawa.

Dabarar da masu aiki da na'urar OMEGA ta kumbon Mars Express da na'urar CRISM ta kumbon Mars Reconnaissance Orbiter suka bi tana burge ni ƙwarai. Sun auna hasken ƙolin dutsen Olympus Mons, mai tsawon sama da kilomita 20, suka auna na gindinsa. Ƙura iri ɗaya ce ta lulluɓe wuraren biyu, saboda haka bambancin da ya fito na iska ne. Sai a daidaita wannan ma'auni da kaurin iskar kowane wuri a cire shi.

Da irin wannan gyaran CRISM ta nuna laka da ma'adinin kabonet a ramin Jezero, inda motar bincike ta Perseverance ta sauka a 2021. Sai dai dabarar ba ta cire ƙurar da ke shawagi a sama, wannan sai da lissafi na daban.