Saiwa ɗaya ta Latin, kalmomin Turanci goma

Assalamu alaikum jama'a, barkanku da war haka. Bari in fara da tambaya, kalmar sufeto ɗin nan da muke faɗa kullum, kun san daga ina ta fito? Daga inspector ce ta Turanci, shi ma Baturen ba shi ya ƙirƙire ta ba, asalinta Latin ne, yaren Rumawan da can. A tsakiyarta akwai wata 'yar saiwa, spect, ma'anarta duba ko kallo, in ɗin da ke gabanta kuma yana nufin ciki. Kenan sufeto shi ne mai leƙa cikin abu ya duba.

Abin nan fa ba baƙo ba ne a wurinmu. Wanda ya san karanta, ba sai an zaunar da shi an koya masa karatu da makaranta da makaranci ɗaya bayan ɗaya ba, da ya ji ya san 'yan gida ɗaya ne. To Turanci ma haka yake, sai dai saiwoyin nasa da yawa ba nasa ba ne, shi ya sa ba ma ganinsu sai an nuna mana.

Ya aka yi Latin ya cika Turanci haka? A shekarar 1066 William na Normandi ya ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama yaren fada da kotu na tsawon lokaci, shi kuma Faransanci ɗan Latin ne. Ga coci da malamai su ma da Latin suke rubutu. Shi ya sa kalmomin gida irin su house da water da mother na tsohon Turanci ne, amma kana buɗe jarida ko littafin makaranta ko takardar likita sai ka tarar Latin ya mamaye ko'ina, fiye da rabin kalmomin ƙamus ɗin Turanci daga Latin da Faransanci suke.

Mu koma kan spect ɗinmu. Spectator ɗan kallo, spectacles tabarau. Respect kuma, re yana nufin baya ko sake, wato ka waiwaya ka sake duban mutum saboda ya isa a dube shi, girmamawa kenan. Amma wadda ta fi burge ni ita ce suspect, sus ɗin nan sub ne, ƙarƙashi, wato kallon mutum ƙasa-ƙasa ta gefen ido, irin kallon da kake wa wanda ba ka yarda da shi ba. Wallahi wanda ya ga wannan hoton sau ɗaya ba zai sake manta cewa kalmar zargi take nufi ba.

Sai port, ɗauka. Porter ɗan dako, portable abin da ke ɗaukuwa a hannu, import ɗauko kaya zuwa ciki, export fitar da su waje, transport tsallakar da su daga nan zuwa can. Report kuma ɗauko labari ka dawo da shi, kuma daga nan muka samu rahoto. Ku lura, saiwar tana nan daram, abin da ake liƙa mata a farko ko a ƙarshe ne kawai ke canjawa, kuma waɗanda ake liƙawa a farkon kalma, wato ɗafa-goshi, ba su da yawa, irin su in da ex da re da sub da pre da trans za su kai ka nesa sosai.

Ku gwada da scrib ko script, rubutu. Subscribe asalinta rubuta sunanka a ƙarƙashin takarda don nuna ka amince. Manuscript, manu hannu ne, rubutun hannu. Prescription fa? Pre kafin, abin da likita ya rubuta kafin a ba ka magani.

Ni shawarata, ka daina haddace jerin kalmomi barkatai, yau ashirin gobe babu ko biyar a kai. Ka samu ɗan littafi, kowace saiwa shafinta, duk sanda ka ci karo da sabuwar kalma kar ka yi saurin buɗe ƙamus, fara yanka ta tukuna, ka yi hasashe, sannan ka duba ko ka dace. Wannan dubawar kuma dole ce, don saiwa hanya take nuna maka, ba kullum take kai ka har ƙofar gida ba. Port ɗin da ke cikin airport misali daga wata kalmar Latin ce daban mai nufin tashar jirgin ruwa. Shi ma ɗafa-goshin nan in kala biyu ne, akwai na ciki kamar a inject, akwai na korewa kamar a invisible, abin da ba a gani. Nan ne mutane da yawa ke faɗawa, sai su ga inflammable a jikin tankar mai su ɗauka wai ba ya kamawa da wuta, alhali nufinta yana saurin kamawa, in ka gan ta ka nisanta ashana daga wurin.