Takarda ɗaya, suna biyu

Ku dubi waɗannan takardun neman aiki guda biyu. Karatu ɗaya, shekarun ƙwarewa ɗaya. Sunan da ke sama ne kawai ya bambanta: wannan Emily, wannan Lakisha.

Gwaji ne da masana tattalin arziki biyu, Marianne Bertrand da Sendhil Mullainathan, suka yi a biranen Boston da Shikago na Amurka, aka wallafa sakamakonsa a 2004. Sun ƙirƙiri takardu kusan 5,000 suka aika wa kamfanonin da ke cigiyar ma'aikata a jaridu. Mai sunan da aka saba ji a wajen fararen fata, irin su Emily, takarda wajen 10 ta ishe shi a kira shi ganawa sau ɗaya. Mai sunan baƙaƙen fata kuwa, irin su Lakisha, sai ya aika wajen 15.

Da za a tara masu tantance takardun nan a tambaye su, da yawansu za su rantse ba su ƙin baƙar fata. Kuma mai yiwuwa ba ƙarya suke yi ba. Nan gizo ke saƙar.

Wariyar da ta fito fili ba ta da wuyar hukunci. A Afirka ta Kudu, daga 1948 zuwa farkon shekarun 1990, doka ce ke faɗa wa mutum unguwar da zai zauna da wadda zai aura. Ranar 21 ga Maris 1960 'yan sanda suka harbe mutum 69 a Sharpeville, masu zanga-zangar ƙin takardar izinin zirga-zirga. Wannan kowa ya san sunansa: zalunci.

Wadda ke ɓoye cikin zuciya ita ce mai wuyar sha'ani. A 1998 masanin halayyar ɗan Adam Anthony Greenwald da abokan aikinsa suka fito da wani gwaji na kwamfuta. Ana nuna maka fuskoki da kalmomi, kana danna maɓallin dama ko na hagu cikin sauri, na'ura tana auna jinkirinka. Mutane da dama sun fi saurin haɗa farar fuska da kalma mai daɗi. Gwajin nan dai yana da masu suka, kuma suna da hujja: mutum ɗaya zai iya yi yau ya sake wani mako ya samu sakamako daban, don haka bai isa a ɗora wa wani tambarin mai wariya da shi ba. Amma takardun Emily da Lakisha ba su jira wannan gwaji ba, kiran waya aka ƙirga.

To idan mutum bai yi da gangan ba, yana da laifi? A nan ya kamata a raba laifi da alhaki. Direban da birki ya ƙwace masa bai sani ba, a yi masa uzuri. Amma in makanike ya riga ya gaya masa birkin nan ba ya ci, ya ce ai shi ba ya nufin kowa da sharri, ya sake hawa titi, kyakkyawar niyyarsa ba za ta ɗora ƙafar wanda ya buge ba. Da zarar an nuna wa kamfani cewa zaɓensa na karkata gefe ɗaya, “ba da gangan ba ne” ta daina zama amsa.

Wani lokacin ma babu zuciyar da za a bincika. Kun san 'yar na'urar nan da ake maƙala wa majinyaci a yatsa don auna iskar oksijin a jini? Haske take harbawa ta cikin fata. A 2020 likitoci a Jami'ar Michigan suka gano cewa yadda take kasa nuna ƙarancin iskar a jikin baƙaƙen fata ya kusa ninka na farare sau 3. Ma'aikaciyar jinya ta duba lamba, ta ga lafiya lau, ta wuce gado na gaba. Ba ta tsani kowa ba, na'urar ma haka, amma majinyacin na kwance iska ba ta ishe shi ba.

Sai ku ce a goge sunaye daga takardun mana, a huta. An gwada hakan a Faransa tsakanin 2009 da 2010, sakamakon kuma ya ba masu binciken mamaki: tazarar kiran ganawa tsakanin 'yan tsiraru da sauran jama'a ƙaruwa ta yi. Kamfanonin da suka yarda su shiga gwajin dama masu sassauci ne ga 'yan tsiraru. In sun ga suna, sukan yi wa mai shi uzurin shekarun da ya yi ba aikin yi. Da aka rufe sunan, giɓin kaɗai suka gani, suka ajiye takardar gefe.